Tushen x² ba kullum ne x ba

A littattafan aikin ɗalibai da yawa ana cin karo da wannan layi: √(x²) = x. Yana da sauƙin hadda, amma rabin gaskiya ne, kuma bai kamata malamin aljabara ya bar shi ya wuce ba.

A gwada shi da x = −5. Idan aka ninka −5 da kanta, 25 za a samu. Alamar √ kuwa, bisa yarjejeniyar masana lissafi, tushen da bai yi ƙasa da sifili ba kaɗai take bayarwa, saboda haka √25 = 5. An shiga da −5, an fito da 5. Da a ce layin nan daidai ne, da wanda ake bi bashin jaka 5 ya zama ɗaya da mai ajiyar jaka 5. Tun a shekarar 628 Brahmagupta na ƙasar Indiya ya bambanta lambobin nan biyu da sunan bashi da dukiya.

Ingantacciyar ƙa'ida ita ce √(x²) = |x|. Sandunan nan biyu, waɗanda Bajamushe Karl Weierstrass ya shigo da su a 1841, nisan lamba daga sifili suke nunawa, ba ruwansu da ɓangaren da take. Idan x tana sama da sifili, |x| = x. Idan tana ƙasa da shi, |x| = −x.

A nan ne ɗalibi kan turje: ta yaya nisa zai ɗauki alamar ragi? Matsalar ta harshe ce. An saba masa da karanta −x a matsayin lamba korau, alhali x harafi ne da ke wakiltar kowace lamba. Ɗalibin Hausa ya san kishiyar kalma: kishiyar sama ƙasa ce, kishiyar ƙasa kuma sama. Da za a riƙa karanta −x da "kishiyar x", da ruɗanin ya kau, domin kishiyar −5 ita ce 5.

Wasu malamai na ganin wannan tsanantawa ce, tunda a awon fili ko tsawon bango ba a samun lamba korau. Hujjarsu tana da ƙarfi a wannan fage kaɗai. Da zarar an zo warware x² = 49, wanda ya haddace gurguwar ƙa'ida zai rubuta 7 ya tsaya, ya zubar da −7 da makinta. Wanda ya san |x| = 7 kuwa zai kawo amsoshin biyu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da aka fara koyar da alamar √, ranar ya dace a koyar da sandunan, a kuma saba wa ɗalibi da gwada kowace ƙa'ida da lamba korau kafin ya amince da ita.