Ranar da ya ci ba mu gan shi ba, ranar da ya faɗi kowa ya zama koci

Yau ba da maganar kuɗin makaranta ko yajin aiki na zo ba. Maganar wasa ce, amma ku daure ku kai ƙarshe, don ta shafi yadda muke riƙon junanmu.

Wa ya san Anuoluwapo Opeyori? Na san da yawa za ku ce "wane ne kuma wannan?" Alhali in na shiga kowane gidan kallon ƙwallo a nan Suleja, daga Kwamba har Madalla, na ce a lissafo min 'yan wasan Arsenal ko Madrid, har masu zaman benci sai an kawo min.

To, Opeyori ɗan Legas ne, ɗan wasan badminton, wasan nan da ake buga 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu da raket ta saman raga. A 2019 ya zama zakaran Afirka a Fatakwal, a shekarar kuma ya ɗauko zinare a gasar wasannin Afirka a Maroko. A 2020 ya kai wasan ƙarshe a Alƙahira, ɗan Morishus Julien Paul ya doke shi. Bai zauna yana kuka ba. Ya karɓo kambun a Kampala a 2022, ya riƙe shi a Afirka ta Kudu a 2023, ya sake riƙe shi a Alƙahira a 2024, sannan a watan Maris na shekarar ya ƙara wani zinaren a Akra. Da ɗan ƙwallon ƙafa ne ya yi rabin wannan, wallahi da tuni hotonsa na bayan Keke Napep.

Ni dai ina cikin 'yan tsirarun da ke bin wasanninsa. Ba a nuna su a gidan kallo, sai dai in sayi data in laluba a waya. Duk ranar da ya ci nakan yi ihu ni kaɗai a ɗaki, in tura labarin a guruf ɗin ajinmu, in jira. Shiru kake ji. Wataƙila mutum ɗaya ya ɗaga min babban yatsa, shi ma don kunya.

Sai ga gasar Olamfik ta Paris a 2024. Opeyori ne kyaftin ɗin tawagar Najeriya. Ya buga wasa biyu a rukuninsa, da Tobias Künzi na Suwizalan da Li Shifeng na Sin, duka biyun aka doke shi. Ranar kam tuwon dare bai yi min daɗi ba. Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne guruf ɗin nan da ya yi shiru shekara da shekaru, nan take ya farka. "Yawon buɗe ido suka je." "An ɓarnatar da kuɗin ƙasa." "Wannan ai ko ni zan iya." Mutumin da bai san maki 21 ake nema a kowane zagaye ba, shi ne ke koya wa zakaran Afirka yadda ake riƙe raket!

Na fahimci fushin. Najeriya ta dawo daga Paris ba ko tagulla ɗaya, kuma kowa na da haƙƙin ya tambayi masu riƙe da harkar wasanni ina aka kwana. Amma a tambayi wanda ya kamata mana. Li Shifeng ɗin da ake magana, shi ne ya ci gasar All England a 2023, ɗaya daga cikin mafiya daraja a duniyar badminton, ya kuma ci zinare a gasar wasannin Asiya a shekarar. Irinsu suna karawa da manyan duniya kusan duk wata, da likitoci da masu horarwa a bayansu. Namu kuwa kafin ya tara makin shiga Olamfik sai ya yi ta tafiye-tafiye ƙasashe, kowace tafiya kuɗin jirgi da na masauki. Ita kanta ƙwallon gashi 16 gare ta, daga waje ake shigo da ita, kuma 'yan bugu masu ƙarfi sun isa su kakkarya ta. Ga shi wasan gasa ba ya yiwuwa a fili, don iska kaɗan ke karkatar da ita, dole sai babban zaure rufaffe. Zaure nawa muke da su a Neja gaba ɗaya? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jin zafin faɗuwa daban, wulaƙanta wanda ya faɗi daban. Mai goyon baya na gaskiya ransa kan ɓaci, ya yi tsaki, ya kashe waya, gobe ya sake kunnawa. Shi ke da bakin yin suka, don yana nan lokacin daɗi. Wanda kuwa bai taɓa tafa maka ba, sai ranar da ƙafarka ta zame ya fito da dariya, wannan ɗan kallo ne kawai.

'Yan makonni bayan haka Allah ya nuna mana ɗaya gefen. Ranar 2 ga Satumba 2024, a gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman a Paris ɗin dai, Mariam Eniola Bolaji, yarinya 'yar Kwara mai shekara 18, ta doke Oksana Kozyna ta Yukren da 21-9 da 21-9, ta ɗauki tagulla. Ita ce mutum na farko daga Afirka baki ɗaya da ya taɓa cin lambar badminton a irin wannan mataki. Kocin da ya raine ta, Bello Oyebanji, ya rasu a hatsarin mota tun 2021, amma ba ta ajiye raket ba. Mu nawa muka san da ita a waɗancan shekaru uku na wahala? Yanzu kowa na cewa "tamu ce". Madalla. Ina fatan za ta ci gaba da zama tamu ranar da aka doke ta.

Abin da ya sa na kawo wannan a shafin ɗalibai shi ne, halin nan ba a filin wasa ya tsaya ba. Ku tuna ranar da aka liƙa sakamako a allon sashe. Wanda ya yi semesta biyar yana cin komai, ba mai ce masa sannu da ƙoƙari. Ranar da ya samu kari-oba ɗaya, kafin la'asar labari ya zagaye hostal. Haka 'yan wasanmu da ke wakiltar makaranta a NUGA: suna atisaye tun asuba kafin lakca, ba mai leƙa su, in sun dawo hannu rabbana a ce dama wasa suka je yi. Daga Minna zuwa Lapai zuwa Gwagwalada, ku faɗa min in ba haka ba ne.

Ba wani babban abu nake roƙo ba. Ku nemi wasan Opeyori ko na Mariam guda ɗaya ku kalla daga farko har ƙarshe, ku ga irin gudun da ake yi a ɗan filin nan da tsawonsa bai kai mita 14 ba. Daraktocin wasanni na ƙungiyoyin ɗalibai, raga ɗaya da raket huɗu ba za su karya asusu ba. Kuma wasa ne da 'yan uwanmu mata za su iya yi a cikin zaure ko harabar hostal ɗinsu, cikin sutura, ba tare da cakuɗuwa ba. Mu 'yan Suleja ma ba mu da uzuri, filin wasa na ƙasa na Moshood Abiola yana nan Abuja a ƙofar gidanmu. In an ji ana gasa, kuɗin mota ne kawai.

In kuma wani a ajinku ya faɗi a wannan semesta, kafin ka tura labarinsa, ka tuna ko ka taɓa taya shi murna.

Allah ya ba mu sa'a a jarrabawa, ya ba 'yan wasanmu nasara. Wanda makarantarsu ke da filin badminton ya faɗa mana a ƙasa, mu san inda za mu fara.