Santimita biyu tsakanin fanka da lagireto: wa zai koya wa yaranmu awo?

A garin Gure, idan yaro ya kasa a makaranta, maganar da aka fi ji daga bakin iyaye ita ce "a kai shi gareji". Ana faɗin haka kamar gareji juji ne na waɗanda lissafi ya gagara. Ni kuwa ina ganin babu wurin da ya fi gareji buƙatar lissafi, kuma ƙaramin misali ɗaya ya isa shaida: tazarar da ke tsakanin fanka da lagireto a cikin tsohuwar mota.

Tsofaffin motoci su ne ƙafafunmu. Peugeot 504 ta fito tun 1968, an yi ta haɗa ta a Kaduna shekara da shekaru, ƙananan Toyota Starlet kuwa sun daɗe suna aikin tasi a biranenmu. Irin waɗannan ba a jefar da su, sai dai a sauke injin, a sake masa zobe, a nemo lagireto na wata mota a ɗaura. A nan ake yin ɓarna. Lagireton da aka samo a kasuwar kayan gyara ta Damagaram ko Kano sau da yawa ya fi na asali kauri, ko kuma ƙafafunsa ba su zauna daidai ba.

Idan fankar da bel ke juyawa ta matsa kusa da lagireto ainun, a tsaye ba za ka ga komai ba. Amma injin ba a kafe yake ba, a kan robobi yake zaune, robar kuma tana tsufa. Ranar da direba ya taka birki da ƙarfi, ko ya faɗa rami a hanyar Difa, sai injin ya zabura gaba, fukafukan fanka su yanki bututun lagireto, ruwa ya tsiyaye cikin ƴan mintoci. Idan kuma an ja ta baya da yawa don tsoron haka, musamman in an yar da murfin da ke kewaye da ita, sai ta riƙa jawo iska daga gefe maimakon ta ratso ta cikin lagireto. Mota na gudu lafiya a kan kwalta, da ta shiga rairayi tana tafiyar hawainiya sai allurar zafi ta tashi. Shawarar da masana aikin suka saba bayarwa ita ce a bar kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi, fukafukan kuma su shiga murfin rabi da rabi. Ga masu fankar lantarki irin Starlet, matsalar wata ce daban: a juya wayoyi biyu kawai, fanka ta koma tura iska maimakon ja.

To yaya ake auna wannan tazara a mafi yawan garejinmu? Da yatsa. Yatsan maigida mai shekara hamsin da na yaro ɗan sha uku kuwa ba ɗaya ba ne.

Wani zai ce ai bakanikenmu sun shekara talatin suna aiki da ido, motoci kuma na tafiya. Gaskiya ne, kuma ban raina su ba. Akwai wanda da kunne kaɗai zai gaya maka ciwon injin. Amma ido sai an shekara ashirin ake samunsa, bayan an lalata lagireton mutane da dama. Ma'auni kuwa yaron aji huɗu na firamare zai iya riƙe shi, in mun koya masa da gaske. A nan laifin ya dawo kanmu malamai. Muna sa yara su haddace jadawalin mita, desimita, santimita, milimita, su cika allo da sifiri, amma yaro nawa ne ya taɓa ɗora rula a kan wani abu banda littafinsa? Ka tambayi ɗalibi ya nuna maka santimita biyu da hannunsa, ka ga yadda aji zai yi tsit.

Haka darasin zafi. Muna koyar da cewa ruwa na tafasa a digiri 100, mu wuce. Ba mu ƙara da cewa murfin lagireto yana matse ruwan ne don kada ya tafasa sai wajen digiri 120, shi ya sa murfi mai yoyo ke kashe injin, shi ya sa kuma buɗe shi da zafi ke ƙona fuskar yaran gareji. Ba mu faɗa musu cewa ruwan rijiyoyin kwarurrukanmu masu kanwa yana barin gasa a cikin bututu har ya toshe su, ko cewa ƙarangiya da ƙura na cike ramukan da iska ke bi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Gure ke haura digiri 40, waɗannan ba labarin littafi ba ne: mota ce za ta tsaya da mata da yara a dajin da babu inuwa.

Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a, waɗanda ake kira CFM, a ƙananan hukumomi, abu ne mai kyau. Sai dai yawancin yara ba ta can suke shiga sana'a ba, hannu da hannu uba ke miƙa su ga maigida. Don haka ina roƙon iyaye kada su cire yaro daga aji kafin ya iya karanta lamba da ma'auni. Ya je gareji da yamma da ranakun hutu. Mu kuma malamai, rana ɗaya a zango ba za ta rushe manhaja ba. A nemi izinin wani bakanike na unguwa, a kai ƴan aji da rulolinsu, injin a kashe, makulli a aljihun malam, kowa ya auna tazarar ya rubuta abin da ya samu. Idan amsoshi suka bambanta, a sake aunawa har su daidaita.