SHARHI: Kafin a ƙirga kyamarorin tsaro a Jos, a tambayi inda wayoyinsu suka haɗu

Kusan duk lokacin da aka zubar da jini a Jos, bayan ta'aziyya da dokar hana fita, zancen da ke biyo baya shi ne na kyamarorin tsaro. Jami'ai su yi alƙawari, 'yan kasuwa su yi karo-karo, masallatai da coci-coci su kafa nasu a bakin ƙofa. Tun daga tagwayen bama-baman kasuwar Terminus na ranar 20 ga Mayu, 2014, waɗanda suka hallaka aƙalla mutum 118, zuwa harin masallacin 'Yan Taya da gidan abinci na Shagalinku a Yulin 2015, babu mai musun cewa garin yana buƙatar idon da ba ya gyangyaɗi. Sai dai muhawarar takan tsaya ne a kan adadi da farashi. Da wuya a ji wanda ya tambayi inda wayoyin waɗannan kyamarori suka haɗu.

Kyamarar zamani ba ta aiki ita kaɗai. Wayarta tana zuwa ne ga wani ɗan akwati da masu sana'ar ke kira suwic, wato na'urar da ke karɓar hotuna daga kyamarori takwas, ko 16, ko 24, ta miƙa su ga na'urar adanawa da ɗakin sa ido. A tsari mafi yawa, ta wannan waya ɗaya ce suwic ɗin ke ba kyamarar wutar da take aiki da ita. Ma'ana, idan akwatin ya ƙone, duk kyamarorin da ke rataye da shi sun makance lokaci guda, alhali suna nan a kan turakunsu suna kallon titi kamar lafiya lau. Idan kuwa babban suwic na cibiya ne ya mutu, to gari guda ya rufe ido. Kuma ƙonewar ba abin mamaki ba ce a nan: wanda ya yi damina a kan tsaunukan Filato ya san tsawar garin, ya kuma san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa.

Nijeriya ta riga ta ga abin da irin wannan giɓi ke haifarwa. Lokacin da kamfanin da ke kula da shingen karɓar haraji na Lekki ya miƙa wa kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi bidiyon daren 20 ga Oktoba, 2020, ya shaida cewa kyamarar ta daina ɗauka da misalin ƙarfe 8 na dare saboda matsalar sadarwa. Ko bayanin gaskiya ne ko akasin haka, jama'a da dama ba su karɓa ba, kuma har yau ana jayayya kan abin da ya faru a daren.

A Jos lamarin zai fi haka muni. Gari ne da kowane rikici ke fitowa da labari biyu, na wannan unguwa da na waccan. Kwamitin Mai Shari'a Fiberesima ya binciki rikicin 1994, na Niki Tobi ya binciki na Satumbar 2001, na Bola Ajibola ya binciki na Nuwamban 2008, amma tambayar wa ya fara ba ta taɓa samun amsar da ɓangarori suka amince da ita ba. Babban amfanin kyamara a irin wannan wuri shi ne ta zama shaidar da ba ta da ƙabila ko addini. To a ƙaddara an kai hari a kan titin Rukuba ko Farin Gada, washegari hukuma ta fito ta ce suwic ne ya lalace mintuna kaɗan kafin lamarin. Wa zai yarda? Mutumin Anguwan Rogo zai ce an goge ne, mutumin Kabong ma haka zai ce, kowa kuma yana da wanda yake zargi. Akwatin da kuɗinsa bai kai na kyamara 'yan ƙalilan ba sai ya zama sabon makamashin gaba.

Maganin sananne ne ga injiniyoyi. Ana kafa suwic biyu a cibiya maimakon ɗaya, kowanne yana iya ɗaukar dukkan nauyin idan ɗan'uwansa ya faɗi. Ana shimfiɗa wayar fiba a siffar zobe, ta yadda idan katafilar masu gyaran hanya ta tsinke ta a gefe guda, hotuna su juya su bi ta ɗaya gefen cikin daƙiƙoƙi. Ana raba kyamarorin mahaɗa guda tsakanin suwic biyu, don kada su mutu tare. Sannan a sa wa kowace kyamara ƙaramin katin ajiya, ta ci gaba da ɗauka ko da layi ya yanke, ta tura abin da ta tara idan ya dawo.

Amma akwai tarko. Suwic na biyu da aka jona a soket ɗaya da na farko, a cikin akwati ɗaya, a kan batir ɗaya, ado ne kawai. Mazauna Jos sun ɗanɗana wannan darasi a babban sikeli cikin Oktoban 2024. An riga an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta koma dogaro da layin Ugwuaji zuwa Apir da ke haurowa Jos. Layin nan mai tagwayen hanyoyi ne, amma a kan turaku ɗaya suke tafiya, kuma da matsala ta zo a ranar 21 ga wata duka biyun suka faɗi. Jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Abin sha'awa, Filato na da tsohon misali na madogara ta biyu: kamfanin NESCO, wanda tun zamanin haƙar kuza yake samar da wuta daga ruwan Kurra. Turawan ma'adinai ba su yarda injinansu su jira kowa ba.

Me ya sa ake tsallake wannan ɓangare? Domin ba ya ɗaukar ido. Gwamna na iya nuna wa 'yan jarida kyamara da bangon allunan talabijin a ranar ƙaddamarwa, amma ba wanda ke ɗaukar hoto da akwatin ko-ta-kwana. Ɗan kwangila kuma, idan an matsa masa ya rage farashi, nan yake fara yankewa, tunda a ranar miƙa aiki komai zai yi kyau. Aikin kyamarorin Abuja da Legas da aka ba kamfanin ZTE a 2010 kan dala miliyan 470, mafi yawansu bashi daga bankin Exim na China, ya isa ishara. An kafa turaku, ɓarayi suka kwashe batura da faifan sola, ƙasa ta ci gaba da biyan bashi, har sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati a 2023, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin. Matsalar can ta wuce ta suwic nesa ba kusa ba, amma tushenta ɗaya ne: an sayi abin da ake gani, an manta da abin da ke raya shi.

A ganina, kyamara 300 masu hanya biyu sun fi wa Jos amfani a kan dubu masu hanya ɗaya, ko da yake ɗan siyasa zai fi son faɗin dubu. Majalisar Dokokin Filato, da kwamitocin kasuwanni da na wuraren ibada masu sayen nasu, suna da gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar digirin injiniya. Kafin a biya kason ƙarshe na kwangila, a tara shaidu daga ɓangarorin garin, a sa ɗan kwangila ya zare filogin babban suwic da hannunsa, kowa ya zuba wa allo ido. A rubuta a takardar kwangila daƙiƙa nawa aka yarda hoto ya ɗauke, da wanda zai maimaita gwajin duk bayan wata uku, musamman gab da faɗuwar damina.