A rubuta labarin tsofaffin sojojin Damargu tun da sauran masu ba da shi

A garuruwan Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, daga Gangara zuwa Olelewa, akwai gidajen da ake ajiye da akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki. In an buɗe shi akan tarad da ɗan littafin soja, da lambar girma wadda ta yi tsatsa, wani lokaci da hoton saurayi sanye da jar dara. Jikoki sun san kakansu ya je yaƙin Nasara. In aka tambaye su wane yaƙi, a wace ƙasa, cikin wace shekara, sai su yi shiru.

Lissafin ba shi da wuya. Saurayin da ke da shekara 20 sa'ad da aka soma saukar da sojoji a gaɓar Furobans, kudancin Faransa, ran 15 ga Agusta 1944, ya haura shekara ɗari in yana da rai. Wanda ya ga faɗuwar Diyan Biyan Fu a Indoshin cikin 1954 ya haura casa'in. Ƙanana daga cikinsu, na yaƙin Aljeriya da aka gama a 1962, sun wuce tamanin. Ashe ke nan yawancin labarin ya riga ya koma bakin matan da suka bari da ƴaƴansu, su ma kuwa furfura ta kama su. Wajibi ne a rubuta shi yanzu, cikin harsunan masu shi, da hannun mutanen ƙasar.

Wani zai ce ai akwai takardu. Akwai su, har a birnin Po na Faransa akwai gidan ajiyar takardun sojoji. Amma takardar bariki abin da ya dami bariki take ɗauka: lamba, da ranar ɗauka, da ranar sallama, da rauni in an ji. Dokar 1919 ta kafa ɗaukar soja ta hanyar ƙuri'a a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, shekara uku ga kowane wanda ta faɗa wa. Takarda ba ta faɗi ɗan wa aka tura gaban likita, ɗan wa aka ɓoye ba. Ba ta faɗi samarin da suka tsallaka ƙasar Kano da Katsina da dare don gudun ƙuri'a ba. Damargu ƙasar hatsi ce, damina gajera ce, gidan da aka ɗauke wa hannu ɗaya shekara uku rumbunsa ne ke shaida. Ita kuma matar da aka bari, ba wasiƙa ba labari, iyayenta na cewa a raba auren, surukai na cewa a jira, wa ya taɓa tambayarta yadda ta yi? Waɗansu sun dawo da faransancin bariki suka sami aikin gardi ko tafinta, suka zama masu faɗa a ji. Waɗansu sun dawo ba su iya barcin dare, gari yana cewa iskoki ne, matansu kaɗai suka san abin da suke ambata cikin mafarki. Duk wannan ba ya cikin wani kundi.

Akwai kuma abin da ya bambanta Damargu da wurare da yawa. Nan ne ayarin Furo da Lami ya ratsa cikin 1899, daga Abzin zuwa Damagaram. A nan aka haifi Kawusan, wanda ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 har zuwa Maris 1917. Sojojin da suka taso daga Damagaram don karya wannan kewaye yawancinsu baƙar fata ne masu jar dara, kuma abin da ya biyo baya na kashe malamai da ƙwace raƙuma bai ɓace daga zukatan Abzinawa ba. Saboda haka a kasuwa ɗaya akan sami jikan wanda ya riƙe bindigar Nasara da jikan wanda aka auna da ita. Marigayi Andire Salifu ya rubuta littafi a kan Kawusan cikin 1973, ya yi aikin da ya cancanci yabo, amma da faransanci ne, kuma littafi ɗaya ba ya ɗauke abin da ke cikin kowane gida. Duk mai tattara labari a wannan ƙasa dole ya zauna a zauren Bahaushe da na Badagire, ya kuma zauna a tantin Buzu da rugar Bafillace, ya rubuta abin da kowa ya faɗa ba tare da ya daidaita su da ƙarfi ba.

Abin da ke faruwa in alƙalami na hannun ɓangare ɗaya, Caroy ta nuna shi. A wannan bariki na kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, an buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman kuɗinsu. Rahoton soja ya ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama na cewa sun kai ɗaruruwa. Sai a Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne.

Batun fansho ma haka. Dokar Disamba 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da ke karɓar ƴancin kai, na takwarorinsu Faransawa kuwa ya ci gaba da hawa. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadu Jop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya cikin 2001. An yi gyara a 2007, aka ƙara a 2011, amma wani sashe na gyaran sai wanda ya nema a rubuce. Tsohuwar da ke ƙauyen Tarka, wadda gara ta cinye littafin mijinta, ba ta da bakin nema.

Akwai masu ganin cewa tun da sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba 2023, bai kamata a tada zancen waɗanda suka yi wa mulkin mallaka aiki ba. Wannan ra'ayi bai yi adalci ba. Da yawa daga cikinsu ba su zaɓa ba, ɗaukarsu aka yi. Da aka kafa rundunar sojojin Nijar ran 1 ga Agusta 1961, da irinsu aka kafa ta. Marigayi Seyni Kunce da kansa ya je Indoshin da Aljeriya. Waiwaye adon tafiya ne, kuma ƙasar da ta koyi sauraron matar sojan jiya za ta san yadda za ta saurari matar wanda ya kwanta dama a fagen Difa ko na Tilaberi.

Masu aikin suna nan. Tun farkon shekarun 1960 ake yaƙi da jahilci a ƙasar nan, ba garin da ba shi da wanda ya fito daga ajin karatun manya yana iya rubuta Hausa. Cikin 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Wanda ya koyi boko da harshensa ya fi baƙo mai tafinta cancanta, domin tsohuwa ta san uwarsa, za ta saki jiki da shi. Mata su je wurin mata. A nemi izini tukuna, a ɗauki murya da wayar salula, sannan a rubuta yadda aka faɗa, har sunan garin Turai a bar shi yadda tsoho ke kiransa.

Na hukuma kaɗan ne: perefe na Tanut da na Belbeji su yi magana da sarakuna, masu kula da yaƙi da jahilci su raba littattafan rubutu bayan an gama girbi, Jami'ar Andire Salifu ta Damagaram da cibiyar IRSH ta Yamai su karɓi abin da aka tara su adana. Kada ma'aikaci ya karɓe takardar kowa da sunan zai kai ofis. A ɗauki hotonta a gaban mai ita, shafi bayan shafi, a mayar mata da abinta cikin leda, a rubuta lambar sojan a kan littafin da aka ɗauki labarinsa.