Zaɓen Amintacce Wajen Musayar Gida ko Gona

'Yan'uwa Musulmi, a Amurka doka tana jinkirta wa mai musayar gidan haya ko na kasuwanci haraji, muddin ya ajiye kuɗin cinikin a hannun wani amintacce, ya sayi madadinsa cikin kwana 180. A shekarar 2008 kamfanin LandAmerica, mai riƙon irin wannan ajiya, ya karye, dukiyar jama'a ta maƙale.

To, wannan izina ce ga mai musayar gona a Falgore. Kada zaƙin bakin dillali ya ruɗe ka. Binciki amanarsa, ka gindaya masa sharaɗin kada ya juya kuɗinka. A rubuta, a kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta karantar.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.