Bayan An Sa Ɗan'uwa a Horo, Wa Ke Zuwa Gidansa?

 Akwai wata al'ada tamu da nake so mu ɗora a kan ma'auni, wato yadda muke yi da wanda aka sa a horo.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Ɗan'uwa ya faɗi cikin zunubi, ko shaye-shaye, ko taɓa kuɗin baiko, ko yarinya ta yi ciki ba aure. Dattawa su zauna, a yi sanarwa ran Lahadi, a hana shi Jibin Ubangiji, a cire shi daga ƙungiyar mawaƙa, ya koma bencin baya. Daga nan sai shiru. Wata uku, wata shida, ba mai taka ƙofar gidansa. A ganina, nan ne muke barin aikin a rabi, kuma rabin da muke bari shi ne ainihin dalilin horon.

Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Galatiyawa tana hannunmu cikin harshenmu. A sura 6, aya 1 zuwa 5, ya umarci masu ruhaniya su komo da wanda aka kama da laifi cikin tawali'u, suna kuma lura da kansu. Kalmar Helenanci da ya mora domin komowar nan ita ce wadda Markus 1:19 ya mora sa'ad da Yakubu da Yohanna suke gyaran tarunsu a cikin jirgi. Masunci ba ya jefar da taru don ya yage. Zama yake yi ya ɗinke shi, domin gobe da shi zai shiga ruwa.

Waɗansu kan ce aya 2 da aya 5 suna karo da juna, tun da ɗaya ta ce mu ɗauki nauyin juna, ɗaya kuma ta ce kowa zai ɗauki nasa kaya. Ba karo a ciki. Kalmomi biyu dabam Bulus ya mora: ta farko tana nufin nauyi mai danne mutum, ta biyu kuma kayan da aka ba kowa ya riƙe. Buhun hatsi ba ya hawa kai sai da mai ɗorawa, amma ba wanda zai ɗauki fartanyarka ya kai maka gona. Haka nan tuba aikin mai laifi ne shi kaɗai, ba mai yi masa. Amma kunya, da bashi, da jarabar da ta fi ƙarfinsa, da kaɗaici, waɗannan namu ne duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maganar ta fi shafar mu da muke ƴan kaɗan a inda muke zaune. A Jos ko Kafanchan, wanda aka sa a horo yana iya tsallake titi ya shiga wata majami'a. A ƙauyukanmu na Kano, Katsina da Jigawa, sau da yawa majami'a ɗaya ce a gari, ta kusa kuwa sai an yi tafiya mai nisa. Akwai kuma waɗanda danginsu suka juya musu baya saboda bangaskiyarsu, ikilisiya ce uwa, ita ce uba. Idan mu ma muka rufe ƙofa, ina za su? Waɗansu mashaya ce takan karɓe su, waɗansu kuma su bar bangaskiya gaba ɗaya. Saboda irin wannan haɗari ne Bulus ya gaya wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta biyu sura 2, cewa horon da aka yi wa wani mutum ya isa, su yafe masa su kuma ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Sai kuma batun gwada kai, wanda ya fi wuya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 2 Sama'ila 12, da annabi Natan ya ba sarki Dawuda labarin attajirin da ya ƙwace ƴar tunkiyar matalauci, nan take Dawuda ya yanke hukunci mai zafi, bai san kansa yake yanke wa ba. Don haka kafin dattawa su zauna a kan maganar wani, ya kamata su yi wa kansu tambaya. Mudun da muke auna wa talaka, da shi muke auna wa wanda ya sayi kwanon rufin majami'a? Me ya sa yarinya take bencin baya, wanda ya yi mata cikin kuwa ba a ko ambaci sunansa ba? Gwauruwar da ta koma dafa burkutu domin kuɗin makarantar yara, ina muke sa'ad da rumbunta ya ƙare? Mai bisharar da ya taɓa baiko, wata nawa muka yi ba mu biya shi albashinsa ba? Waɗannan tambayoyi ba sa wanke mai laifi, amma suna nuna mana namu kason.

Na san abin da waɗansu iyayenmu za su ce: idon maƙwabta yana kanmu, in muka yi sanyi za a ce Kirista ba sa ƙin zunubi. Damuwar tana da tushe, ni ma ban ce a daina horo ba. Matiyu 18 da 1 Korintiyawa 5 suna nan daram. Amma maƙwabtan nan suna kallon yadda muke yi da namu bayan ya faɗi. A Yohanna 13 Ubangiji ya ce ƙaunar da muke yi wa juna ce shaidar da za a san almajiransa da ita.

Ga shawarata ga kowace majalisar dattawa. Ranar da aka yanke horo, a ranar za a naɗa dattijo ɗaya, ko uwa ɗaya daga zumuntar mata, mai ziyartar mutumin kowane mako domin addu'a da nazarin Maganar Allah. A sa ranar da za a sāke duba maganarsa, a rubuta ta a littafin majalisa. A bincika abin da ya tura shi, in yunwa ce ko bashi, a taimaka, ko da gayya ce za a yi masa a gona. Sa'ad da ya tuba kuwa, a karɓe shi a gaban jama'a kamar yadda aka sanar da laifinsa a gaban jama'a, kada kuma a ƙara yi masa gori.

Kafin Jibin Ubangiji na gaba, bari kowannenmu ya duba bencin baya, ya tambayi kansa yaushe rabonsa da gidan wanda ke zaune a can. Ubangiji ya ba mu zuciya mai tawali'u. Amin.