"Ya Haɗu" Ba Sharhi Ba Ne

Tambayi duk wanda ya kwana yana kallon fim ɗin Hausa yadda ya gan shi, amsarsa ba za ta wuce ɗayan biyu ba: ko dai "ya haɗu", ko kuma "shirme ne". In ka matsa ka nemi dalili, sai ya ambaci sunan jarumin da ya fito, ya yi shiru, a ganinsa ya gama bayani. Tun 1990 da aka fitar da Turmin Danya a Kano ake shirya finafinan bidiyo da Hausa, sama da shekara talatin ke nan, amma abin da muka tara na kalmomin auna su bai cika cokali ba. Ni a wurina wannan abin kunya ne, kuma kunyar ta masu kallo ce kafin ta zama ta masu shiryawa.

Kada wani ya ce Bahaushe bai iya nazari ba. Zauna da masu son dambe ka ji yadda za su warware maka dalilin faɗuwar ɗan dambe, daga tsayuwarsa har zuwa hannun da ya bari a sake. Saurari dattawa biyu suna gardama a kan Shata da Ɗanƙwairo: za su yi maganar amshi, da kiɗa, da inda zambo ya dace da inda ya zarce. Matar da ta ɗaga shadda a kasuwar Kantin Kwari tana da kalma ga kowane aibi da kowace nagarta. Mutanen nan ne kuma, in aka zo kan fim, sai harshe ya ɗaure. Alhali cewa mutum "je ka kalla" amana ce. Shiri mai kashi hamsin, kowane kashi sa'a guda, ya cinye kwana biyu cur da ɗoriya daga rayuwar wanda ka tura, ban da kuɗin data da cajin wayar da ya biya a shago saboda babu wuta. Dillalin da ya yi wa mai saye irin wannan sakaci a kan akuya, da tuni an daina zuwa wurinsa.

Kujerar mai sharhi ba a banza ta zauna ba, wasu ne suka haye ta. Na farkonsu masoyi. Shi ya yanke hukunci tun daga hoton talla, domin gwaninsa na ciki. Ka ce masa labarin ya karye a tsakiya, sai ya kira ka maƙiyi ko ɗan hassada, ya rufe da cewa kai ma ka yi naka a gani. Wannan hujja ta fi kowace rauni. Ba sai ka iya girki ba kafin ka ji gishiri ya yi wa miya yawa, kuma wanda ya biya kuɗin tuwo yana da bakin magana.

Na biyun ya fi wuyar tunkara, domin da kyakkyawar niyya yake zuwa. Tambayarsa ɗaya ce tak: akwai darasi ko akwai ɓata tarbiyya? Ban raina tambayar ba. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001 domin ta, kuma aikin hukuma ne ta faɗi abin da ya halatta a nuna. Matsalar ita ce dukkanmu mun zama ma'aikatan tacewa marasa albashi, babu wanda ya rage ya tambayi ko abin da aka halatta ɗin yana da kyau. A 2016, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a jihar Kano har aka janye shi, an zubar da tawada mai yawa a kan halin 'yan fim, kaɗan ƙwarai a kan ingancin aikinsu. Masu shiryawa kuwa ba wawaye ba ne, sun gane ma'aunin da ake auna su da shi. Sai a yi sa'a biyu ana kwan-gaba-kwan-baya, a minti biyar na ƙarshe a zaunar da wani dattijo a falo ya yi nasiha, mu kuma mu tashi muna cewa fim ɗin ya faɗakar. Wa'azin da aka liƙa wa labari da ƙaro ba ya gyara labarin, kuma ina shakkar ko yana gyara mai kallo.

Haka zancen "kwaikwayon Indiya ne", wanda ake jefawa kamar an kama ɓarawo da kaya a hannu. Tun zamanin gidajen silima irin su Plaza da El Dorado mutanen Kano ke kallon finafinan Indiya, abin mamaki shi ne a ce ba su bar alama ba. Ɗaliban adabi sun fi kowa sanin cewa aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, babu mai kiransa ɓarawo, domin abin da ya aro ya sha ruwan Hausa har ya rine. Tambayar da ta dace da fim ita ce wadda muke yi wa Imam: me aka yi da abin da aka aro? Akwai waƙar da ke ɗauke da abin da saurayi da budurwa ba za su iya furtawa a zaure ba, akwai kuma wadda aka cusa don a cika lokaci. Mai sharhi shi ne wanda zai bambance su.

In aka tambaye ni abin kallo, zan ce a nemi Kwana Casa'in na tashar Arewa24, kuma zan faɗi dalili. Ya ƙirƙiri jihar Alfawa domin ya sami damar faɗin abin da ba a iya faɗa game da jihohin gaske, ya kuma nuna yadda siyasa ke shiga asibiti da ɗakin watsa labarai, wuraren da finafinanmu ba su saba leƙawa ba. Zan ce a duba Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu cikin Labarina na Aminu Saira, a ga yadda ɗan wasa ke sa ka dariya da mutumin da ba za ka ba shi ajiyar ko sisi ba. Wanda ya ji wannan yana iya saɓa mini, kuma saɓanin shi ne riba, domin yanzu akwai abin da za mu yi gardama a kai.

Da irin wannan bakin ne kuma za a faɗi abin da ke damun yawancin shirye-shirye masu dogon zango. Mota ta iso, a yi ham, maigadi ya fito da gudu, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe na biyu, mota ta shiga, a rufe, Alhaji ya fito yana gyara babbar riga, duk muna kallo. Gaisuwa ta ci minti uku. Kiɗa ya danne magana a daidai inda maganar ta fi muhimmanci. Wannan jan rai yana da sababi: tun da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai aka koma YouTube, kuɗin shiga ya rataya ga yawan kallo da tallan da ke ratsa shiri, labarin kashi goma sai a miƙe shi ya kai arba'in. Muddin muna cewa "ya haɗu", wa zai bar abin da ke kawo masa kuɗi?

Za a ce masana'antar na fama, bai kamata a bi ta da duka ba. Na ji. Sai dai a Faransa, François Truffaut da Jean-Luc Godard sun fara ne da rubuta sharhi mai zafi a mujallar Cahiers du Cinéma, wadda aka kafa a 1951, kafin su ɗauki kyamara su sauya fim ɗin ƙasarsu. Mu ma mun taɓa kama hanya, da mujallu irin su Fim da ta fara fitowa a 1999. Kuma inda babu sharhi, mantuwa ce ke cin komai. Matasa nawa ne suka kalli Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976? Nawa ne suka san cewa Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972?

Mafi girman laifin yana kanmu, mu da muka fito daga jami'a. Mun iya tsefe jigo da zubi da salon Ganɗoki domin cin jarrabawa. Wasunmu sun rubuta kundin digiri sukutum a kan finafinan Hausa, malami ɗaya ya karanta, aka ɗaure da baƙar fata aka jera a kanta, gara na jiran rabonta. Da yamma kuma ƙanwarmu ta tambaye mu wane shiri za ta sauke da ragowar datarta, mu ɗaga kai daga waya mu ce mata wancan ɗin ya haɗu.